Takin Mama Fure

Tun da aka cire tallafin mai, ƙafata ta dama ta koyi rowa. Ni Ɗan'azumi, wanda a da in na fito daga tashar Kontagora masu babura ke darewa, na koma ina taka totur kamar mai taka ƙaya. Tsohuwar a-kori-kurata kuwa ba ta san an shiga wani zamani ba, shan manta take yi yadda ta saba.

Da abin ya ishe ni sai na kai ta garejin Mahmudu makaniki. Ya buɗe kafireta, ya cire jet, wato ɗan ƙarfen nan mai huda da mai ke bi ta cikinsa, ya sa wani mai ƙaramar huda. Ya rage silo, wato ɗan man da inji ke sha in ba a taka totur ba, har sai da injin ya riƙa kakkarwa in an tsaya. Ya kwance tukunyar iyakilina, mai tace iskar da ke shiga inji, ɗungurungum, ya ɗaura wata 'yar buɗaɗɗiyar matatar iska da ya sayo a shagon kayan gyara, wai don injin ya yi numfashi son ransa. Tayoyina masu faɗi muka sauya da sirara, muka ɗura musu iska har suka yi tauri. Gaskiya aikin ya ci, don man da nake ƙonawa ya ragu sosai. Sai dai yana goge hannu ya ce mini, "Ka sani fa, yanzu ta zama motar kwalta. Yashi da ruwa, daga nesa za ka riƙa gaishe su." Na ce masa to, irin to ɗin nan da ba ta wuce leɓe.

Ranar wata Laraba cikin damina, Mama Fure ta same ni a bakin kasuwa. Dattijuwa ce daga wani ƙauye da ke gaba da Sahon Rami, mijinta ya rasu, ita ke noma ta ciyar da jikoki huɗu. Tare take da Luka, ƙanen mijinta, wani ƙaton magidanci mara yawan magana. Buhun takin yuriya goma sha huɗu ta saya, kuma sai da ta sayar da bijiminta kafin ta same su.

Ta ce, "Ɗana, masara ta fara ja. In ba a sa mata cikin satin nan ba, shi ke nan. Ka san takin nan ba ya shiri da ruwa, ka rufe mini shi da kyau."

Na jera su hawa biyu, shida a ƙasa takwas a sama, na ja tamfol na ɗaure. Ita ta zauna gaba, Luka ya haye kan kaya.

Bayan azahar muka bar kwalta. Hanya biyu ce ke zuwa ƙauyen. Ɗaya ta bi ta gada, amma zagaye ce mai nisa. Ɗayar gajera ce, sai dai dole a ratsa rafi ta mashigin da shanu ke bi. A mararrabar, Luka ya buga rufin mota, ya leƙo ta taga.

"Direba, mu bi ta gada. Dubi gabas."

Na duba. Hadari ya haɗu can nesa, baƙi ƙirin, da alama ma ya riga ya zuba. Amma ni lissafin da ke kaina daban ne, litocin da zagayen nan zai cinye nake gani.

Na ce, "Luka, rafin nan da jiya na ji an ce akuya ma tana ƙetare shi?"

Mama Fure ta dube ni, ta dubi hadarin. Ta ce, "Kai ne mai mota." Na karya sitiyari na bi gajerar.

Da muka iso mashigin, ruwan bai wuce ƙwauri ba, amma launinsa ya sauya, ya yi ja, ga karare da kumfa suna wucewa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ma'anar wannan: an yi ruwa a sama, kuma yana tafe. Luka ya diro ya ce mu sauke kayan mu ƙetare da su a ka. Na ce ɓata lokaci ne, minti ɗaya ya ishe ni.

Shekara goma sha tara ina tuƙi, na san yadda ake shiga rafi. Ana sassauta iskar taya, a sa giya ta ɗaya, a danna totur ba tausayi har sai an fita. Amma wata biyu ina horar da ƙafata, ta kuma horu. Da giya ta biyu na shiga, ina lallaɓa totur, ban ma san na yi ba sai da muka kai tsakiya na ji motar ta yi nauyi. Siraran tayoyin nan suka yanki yashi suka nutse. Na sauko giya ta ɗaya na take totur har ƙasa. Injin ya nemi mai, 'yar hudar da muka bar masa ba ta ba shi ba. Ya yi tari, ruwan da fankar injin ke watsawa ya samu buɗaɗɗiyar matatar nan, ya sake tari, sai shiru.

Na murɗa makulli. Ba ta tashi ba. Na sake murɗawa, ta yi wani ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. A lokacin ne na ji sanyi a idon sawuna, ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.

Mama Fure ba ta yi ihu ba. Ta ɗage ƙafafunta ta ce, "Takina, Ɗan'azumi."

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na fita, ruwa ya kai mini gwiwa, yana jan wandona. Luka ya riga ya yaye tamfol. Shi ya fara goya tsohuwar ya kai ta gaɓar can, sannan muka hau jido. Ya ɗora mini buhu a ka, ya ciccibi nasa, mu ratsa, mu jefar a kan tudu, mu dawo da gudu. Yashin yana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Ita kuma tana tsaye tana jan buhunan nesa da gaɓa, tana ƙirgawa da ƙarfi.

A sawu na biyu ruwa ya kai cinya. A na uku ya kai ƙugu, na ga ya rufe tayoyin baya yana lasar gindin bodi. Wasu makiyaya biyu da ke tsallake suka ce mu bar kayan mu zo a tura motar tun tana turuwa. Na dubi motar da ita kaɗai na mallaka a duniya, na ce su taya mu ɗaukar buhu. Ɗaya ya shigo, ɗayan ya ce shi bai iya ruwa ba.

Mun kwashe takwas ɗin sama. Da na dawo na kama murfin bodi na leƙa, ruwa yana kwance a ciki, ya shanye hawan ƙasa. Na cusa hannu na jawo buhu. Ya taho da sauƙin da ya sa gabana ya faɗi. Ruwa mai sanyi ƙarara yana tsiyaya ta saƙar buhun, abin da ke ciki ya zama kunu. Luka ya ɗaga wani, ya girgiza, ya sake shi. Biyu muka fitar da ɗan sauran nauyi, sauran huɗun ruwa ya fi ƙarfinmu, don ya kai ƙirji, makiyayin ma ya ja hannuna ya ce ya isa.

Muka zube a kan tudu muna haki. Motar na tsakiyar rafi, ruwa na bi ta kan bonet. Ban ko iya kallonta ba, Mama Fure nake kallo. Ta tsuguna gaban jiƙaƙƙun buhunan nan biyu, ta kwance bakin ɗaya, ta sa hannu. Abin da ta ɗebo bai cika tafinta ba, shi ma yana narkewa yana bin yatsunta.

Na ce, "Mama, laifina ne. Luka ya faɗa mini, ban ji ba."

Ta goge hannu a zaninta, ta juya wajen Luka.

"Takwas ba za su isa gona biyu ba. A sa wa ta tudu. Ta bayan gida a bar ta."

Luka ya ce, "Ta bayan gida ai ita yara ke ci kafin kaka."

"Na sani," in ji ta.

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa gwiwa, ta ce wa Luka ya je ya nemo amalanke kafin hadarin ya iso. Sannan ta dube ni, ina zaune jiƙe sharkaf ina rawar ɗari. Na sunkuyar da kai ina jiran zagin da na cancanta.

Ta ce, "Tashi mu je gida ka sha kunu, ɗana. Tun safe ban ga ka ci komai ba."