Tusar Kaka

"Mama, me ya sa Sista take tambayar Kaka ko ya yi tusa?"

'Yata ce ta yi tambayar a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, muryarta har gadon ƙarshe. Na toshe mata baki.

Surukina aka yi wa aikin hanji. Sista ta ce ba ci ba sha sai iska ta fita, don ita ce shaidar hanjin ya farka. Ƙarin ruwa kawai ake yi masa, ni kuma ina jiƙa masa leɓe da auduga. Tsoho duk ya zabge, sai bin kwanon maƙwabcinsa yake da ido. Mijina yana wurin aiki, don haka na kafa kujera a gefen gadon, ko ƙofa ba na leƙawa.

Sista ta zo ta saurari cikin. "Baba, an samu?"

"Wace irin magana ce wannan a gaban yara?" Ya juya fuska bango.

Da rana ina ninke mayafi sai ƙara ta tashi, doguwa, mai hawa da sauka, kamar ana jan tebur.

Surukina ya dubi 'yata. "Ke 'yar nan, ba ki da kunya?"

Idon yarinya ya kawo ruwa. Ina jin nauyin tsohon ƙwarai, amma ba za a yi wa 'yata ƙage ina zaune ba.

"Baba, ka yi haƙuri, ni na haife ta, na san tata. 'Yar siririya ce, kuma dariya take yi bayanta."

Maƙwabcin, wanda aka yi wa aikin basir, ya ce, "Ni dai ba ni ba ne. Da kun ji ihu."

Sai ga Sista da kofin shayi marar madara. "Ta wa ce? In ta yarinya ce, ita zan ba."

Tsoho ya dubi shayin, ya dube ni, ya dubi rufi.

"Tun jiya nake sakinta kaɗan-kaɗan," ya ce, "in surukata ta yi gyangyaɗi. Wannan ce ta ƙwace."

"Ashe yunwar banza ka kwana da ita, Baba." Sista ta ɗaga masa kai, ta ce ya kurɓa a hankali.

Ke da za ki yi jinyar suruki bayan aikin hanji, ki riƙa fita kina ba shi wuri. Kuma in za ki fita, ki tafi da 'yarki.