Wa Ya Bar Famfo A Buɗe?

Yayana makaniki ne, amma in ka tambaye shi sana'arsa, mawaƙi zai ce maka. Bai taɓa ƙirƙirar ko baiti ɗaya ba. Waƙoƙin wani shahararren mawaƙi mai jita yake rerawa, wanda ya rasu tun muna rarrafe, kuma yana kwaikwayonsa har yadda yake jan numfashi. Duk daga kaset ɗin Baba guda ɗaya ya koya.

To, kaset ɗin nan yana da tabo, kuma ni na yi shi. Ina 'yar shekara biyar na danna jan maɓallin rediyo ana tsakiyar waƙar da gidanmu ya fi so, sai ta naɗi muryar Mama daga kicin tana ƙwala ihu: "Wa ya bar famfo a buɗe?" Baiti guda ya tafi. Tun daga ranar haka waƙar take a wurinmu: ana cikin soyayya sai famfo, sai a koma soyayya. Yau shekara shida da rasuwar Mama, kuma babu inda muryarta ta rage sai nan.

Da wani otal ya nemi mawaƙin yammacin Asabar, Yaya ya kankare baƙin mai daga farcensa, ya ja ni rakiya wurin gwaji. Shekara goma yana mafarkin barin ƙarƙashin mota.

Ya fara lafiya lau, har shugaban makaɗan, wani mai tumbi da gilashi a goshi, ya lumshe ido. Aka iso wurin tabon nan na waƙar. Yaya ya siranta murya: "Wa ya bar famfo a buɗe?"

Mai ganga ya tsaya cak. Mai shara ta yar da tsintsiya ta ruga banɗaki. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

"Malam, lafiya?" in ji shugaban.

"Ranka ya daɗe, haka take a kaset ɗinmu."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya rubuta masa baitin gaskiya a 'yar takarda. "Muryarka ta yi. Amma baƙi waƙa suke zuwa ji. Ka sake kawo min famfo ranar Asabar, gareji na jiranka."

Mako guda muna fama. Duk sanda bakinsa ya nufi famfo, sai in jefe shi da silifas.

Ranar Asabar har Baba ya zo, ya zauna kusa da ni a kujerar baya. Mutum ne da sai ka kasa kunne kafin ka ji gaisuwarsa. Yaya ya iso wurin, ya rera baitin gaskiya sumul, ba tuntuɓe. Baiti ne mai daɗi, amma wallahi na tsane shi. Ji na yi kamar an share Mama daga waƙar, kuma da silifas ɗina aka yi aikin.

Sai Baba ya miƙe tsaye.

"Wa ya bar famfo a buɗe?"

Kowa ya waiwayo. Mai shara ta harare shi, wannan karon ba ta motsa ba. Yaya bai saki waƙar ba, shugaban kuma ya yi kamar bai ji komai ba.

Baba ya zauna yana goge ido da bayan hannu. Ya sunkuyo wajen kunnena.

"Ni ne," ya ce. "Ranar ni na bar shi. Ban taɓa gaya mata ba."