Ƙyallin Tagulla a Yatsan Sabo

"Juya shi kuma, a hankali," in ji Baba Datti ta waya. "Kara mini wayar a jikin tulun."

Sabo na durƙushe a bayan shagon Abdulnasir mai tsofaffin kayan mota a Gwaram. Ya kara wayar a jikin tsohon aksul, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, daidai kumburin tsakiya mai raba wa tayoyi ƙarfi, wanda Baba ke kira tulu, ya murɗa. Shi tela ne, iliminsa na mota bai wuce buɗe ƙofa da rufewa ba. Amma katanga ɗaya ce tsakaninsa da Baba Datti a Birnin Kudu, kuma tun da ciwon hanta ya kwantar da tsohon, ta katangar nan yake jin nishinsa.

Buri ɗaya ya rage wa Baba, a kai shi Farin Dutse, garin da aka binne cibiyarsa, a cikin Fijo 404 ɗinsa. An kawo motar haya, an kawo ta maƙwabta, ya juya fuskarsa bango. Ya ce a cikinta ya baro garin, a cikinta zai koma. Taurin kai ne, kowa ya sani, amma wa zai tsaya musu da mutumin da ko kunu ba ya zama a cikinsa? Ita kuwa motar aksul ɗinta ya daɗe da lalacewa, irinsa kuma sai an sha yawo.

"Irin nata ne," Baba ya ce, muryarsa na yankewa. "Na ji kukansa. Yanzu kwance noti na ƙasa, ka tara yatsa a man."

Abdulnasir ya miƙo sifana ba tare da ya dubi Sabo ba. Mai ya ziraro, baƙi, mai kauri. Sabo ya ɗaga yatsansa a rana, sai farin ciki ya kama shi.

"Baba, albishirinka. Man ma ƙyalli yake kamar an barbaɗa zinariya. Wannan ai sabo ne."

Ta wayar Sabo ya ji wata 'yar dariya, tari ya biyo bayanta.

"Sabo ɗan kirki. Haƙoran ciki na tagulla ne. Su ne ka gani a yatsanka, sun niƙe sun zama gari."

Sabo ya dubi Abdulnasir.

"Shi kaɗai ne, Malam," mai shagon ya ce a hankali. "Daga nan har Kiyako ba za ka samu wani ba."

"Ba zai kai mu ba ko da a hankali ne, Baba? Ko da tafiyar kura ce?"

"Zai ajiye mu a hanya, ya ba ta kunya. Mayar masa da notinsa, ka dawo gida. Ka gode masa."

Sabo ya ɗaure notin. Duk hanyar dawowa yana tsara yadda zai roƙi tsohon ya yarda da motar haya, alhali ya san ba zai yarda ba. Bai taɓa jin rashin amfaninsa kamar ranar ba.

Bai ma samu yin roƙon ba. Da ya shiga gidan, Inna Zainabu, matar Baba, ta ce tun da tsohon ya ajiye waya ya daina magana. Washegari da hantsi ya cika, aka binne shi a Birnin Kudu bayan azahar.

Soron ya yi wa masu ta'aziyya kaɗan, sai aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutanen Farin Dutse da suka zo a motar haya aka zaunar da su a inuwar Fijon, wadda ke ɗore a kan duwatsu, bayanta ba taya. Wani tsoho a cikinsu ya jingina da ƙofarta yana jan carbi.