Jego Babu Jariri

Kun gan ta, kada wanda ya ce bai gani ba. Duk wanda ya shiga gidan Malam Zakariyya a Gummi cikin makon nan ya tarar da 'yarsa Mardiyya zaune a kan tabarma, fuska ta yi suntum, ƙafafu kamar turame. Kuka ce masha Allah jiki ya dawo, kuka sha furarku, kuka kau da kai.

Ƙanwarta Ilham ce kaɗai ta kasa zama. Tana koyon aikin jinya a Gusau, ta iso gida da hantsi, ko mayafi ba ta cire ba ta shiga safa da marwa tsakanin ɗaki da tsakar gida.

Ta san abin da mutan gidan ba su sani ba. Mardiyya ta ce wa kowa aikin ƙari aka yi mata. Gaskiyar ita ce tun bayan haihuwarta ta ƙarshe tumbi ya ƙi komawa, ƙawaye suka ishe ta da tambayar wata nawa ne a kowane biki, sai ta tafi wani asibitin kuɗi a birni aka zuƙe mata kitsen. Ta sa Ilham ta rantse ba za ta faɗa ba. Likitan ya ba ta rigar matsi, ya ce ta koma a ɗora ta a kan na'urar da ke rarrabe nauyin mutum, ta nuna wanne ne kitse, wanne tsoka, wanne ruwa. Ba ta koma ba. Hanya ba daɗi, kuma me za ta ce wa gida?

Inna, mahaifiyarsu, tana da nata ma'aunin, wato zani. Ranar da Mardiyya ta dawo, Inna ta ɗaura mata zani ta ga bakinsa ya zarce inda ya saba tsayawa, har ya zagayo baya. Ta yi ƙwalla, ta yanke hukunci cewa duk macen da aka taɓa wa ciki mai jego ce. Aka dinga dafa ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma ana gasa ta, ana ɗura mata kunun kanwa. Rigar matsin kuwa Inna ta tuɓe ta, ta rataye a igiya, wai ita ke hana jini gudu.

"Diba ki gani," in ji Inna, tana jan bakin zanin da alfahari. "Ranar da anka kawo min ita kamar kara. Yanzu hwa? Da ƙyar shika haɗuwa."

Gwaggo Habsu, ƙanwar babansu, ta kwashe da dariya. "Malamar asibiti, ke ma zo ki sha kunun ko kya yi auki. Ji wuya kamar na zalɓe!"

Ilham ta durƙusa ta danna babban yatsanta a ƙwaurin yayarta, ta ɗaga. Rami ya zauna a wurin, ya ƙi cikewa.

"Yaya, yaya kike barci?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"A zaune. In na kwanta numfashi sarƙewa yake."

Ilham ta fita, ta dawo, ta sake fita. Ta tsaya a gaban tukunyar wankan da ke tafasa, ta dubi rigar da ke lilo a igiya. Ruwa ne ya taru a jikin nan, kanwa na ƙara riƙe shi, yana neman hawa ƙirji. Amma wa zai yarda a kai mai murmurewa asibiti? Muddin Inna na ganin jego ne, ba mai ɗaga Mardiyya daga tabarmar nan.

Ta koma ɗakin. Mardiyya ta karanta fuskarta, ta cafke mata hannu.

"Kin rantse min, Ilham."

"Na rantse. Rantsuwa tana da kaffara, zan yi. Ke in na rasa ki, da me zan fanso ki?"

Ta juya ta faɗa wa Inna komai, a gaban Gwaggo Habsu, ba ta rage ko ɗaya ba. Mardiyya ta rufe fuska da mayafi. Dariyar Gwaggo ta ɗauke.

"Kitse?" in ji Inna. "Kitsen da Allah ya ba ki kinka kai anka zuƙe? To ai ga shi ya dawo!"

"Bai dawo ba, Inna. Ba ni hannunki."

Ta kama yatsan Inna ta danna shi a ɗayan ƙwaurin. Inna ta ɗaga, ta zuba wa ramin ido, tana jira ya cike. Ta yi jego, ta yi wa 'ya'yan wasu jego, ba ta taɓa ganin ƙiba ta riƙe sawun yatsa ba. Ta dubi ƙoƙon kunun da ke gefenta, ta ture shi da ƙafa.

"Habsu, kashe wutar can. Kira min Lauwali direba, ki ce mai shi tada mota yanzu."

Da kanta ta ciro rigar daga igiya, ta cusa a jaka. Ita da Ilham suka tallabi Mardiyya zuwa ƙofa, tana tafiya tana tsayawa neman numfashi, har suka zaunar da ita a gaban mota.

Ku da kuka yi ta masha Allah, a gidajenku ma akwai wadda aka yi wa aiki kuke aunawa da zani. Ku tashi ku danna ƙwaurinta. In rami ya zauna, ku ajiye kunun, ku kai ta asibiti yau.