Gabas a Taswirar Almustapha

Tsohuwa tana ɓarar masara a tsakar gida Talha ya yi sallama, da doguwar takarda a naɗe a hammatarsa. Abokin aikin ɗanta Almustapha ne. Tare jami'a ta tura su wani tsibiri can tsakiyar teku, su zana taswirar tsagogin ƙasa a gindin dutse mai aman wuta. Talha ya dawo, Almustapha bai dawo ba.

Tun watan jiya aka yi wa Almustapha salla a nan garin Maska ba gawa, aka share makoki, amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Yaron da tun yana ƙarami yake cika aljihu da tsakuwa har wando ya yage, tana bin sa da faɗa!

Ta dubi Talha ta ce, "Ɗan nan, ba don gaisuwa na aika maka ba. Nuna mini inda yake."

Talha ya durƙusa ya shimfiɗa taswirar a tabarma.

"Inna, wannan duk zanensa ne. Jajayen layukan nan su ne inda ƙasa ke motsi. Nan ya je ɗauko na'urar da muka kafa, sai gefen dutsen ya buɗe."

"Wa ya yi masa wanka?"

Talha ya sunkuyar da kai.

"Likkafani fa?"

"Narkakken dutse ne ya rufe wurin, Inna. Ba mai iya tonawa."

"Na ji, na haƙura. Abu ɗaya ya rage. Fuskarsa gabas take kallo?"

"Wallahi, Inna, ban sani ba."

Haushinsa ya kama ta. Ina ma ya yi mata ƙarya! Ko da almuru aka rasu a garin nan, duhu na shigowa, sai an kwantar da mutum a kan damansa yana fuskantar alƙibla, amma nata ɗan, mai digiri biyu, an bar shi yadda ya faɗi.

Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki taswirar, ta kai ta bangon yamma ta jingina, zanen yana kallon gabas. Takardar ta naɗe ta zame ƙasa. Tsohuwa ta sake buɗewa, takardar ta sake naɗewa.

Sai ta danne ta da tafin hannu biyu, hawaye na bin haɓarta.

"Haba Almustapha, tsaya mana," ta ce a hankali. "Kai dai ba ka taɓa zama wuri ɗaya ba."