Gyaran Fuskar Baba

Da rabin aski aka binne Mai Faci. Auta ya gama masa ɓangaren dama, ya zagayo zai kama na hagu, sai ƙarar babura ta cika layin, harbi ya biyo baya. Auta ya faɗa ƙarƙashin teburin kayan aiki, kilifa tana kuka a hannunsa. Shi kuwa Mai Faci, da mayafin aski ɗaure a wuyansa, miƙewa ya yi ya leƙa ko an taɓa masa injin iskar da ya bari a bakin titi. Harsashin ta taga ya shigo.

Ba a daɗe ana zancen ba, don wani abin ya faru a layin baya, wani kuma a bakin kasuwa. Auta ne kawai bai daina ganin kan nan ba. Duk wanda ya zauna a kujerar, sai ya tsinci kansa yana sauri, yana aske dama da hagu kusan tare, kamar mai gudun kada a katse shi.

Gajere ya ji labari. Shi ne abokinsa da suka koyi sana'a tare a hannun Baba, mahaifin Auta, ya kuma tsallaka ƙasar waje shekarun baya. Saƙon muryarsa ya riƙa shigowa kamar ruwan damina. Akwai kujera da babu kowa a shagon da yake aiki. Mai shagon ya kalli hotunan aikin Auta, ya yarda zai tsaya masa a kan takardu, shi da matarsa da 'yarsa. A can ba a ɗauke wuta ana tsakiyar aski, har kare ana kawowa a gyara masa gashi, kuma karen ya fi wasu tsofaffin layinsu zama wuri ɗaya. Da ya gama barkwancinsa sai muryarsa ta sauka, ya ce kujera ba ta jiran mutum har abada, kuma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da zai yi wa nasa. Game da Baba kuwa, ya tambaya, an ce takardun ba su ɗaukar tsoho marar lafiya.

Maman Ummi, matar Auta, ba mai hayaniya ba ce. Ba ta ce a tafi ba, ba ta ce a zauna ba. Nuna masa kawai take yi. Wata rana da ya dawo cin abinci ta riƙo hannun rigarsa, ta yi masa nuni da bayan duron ruwa. 'Yarsu Ummi ce a tsugune, ta danne 'yar tsanarta a ƙasa da tafin hannu, tana raɗa mata ta yi shiru har su wuce. Babur ɗin mai kawo burodi ne ya wuce.

Baba yana ɗakin da ke kusa da zaure, inda ya kwanta tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Yaya, babbar 'yarsa, wadda ta dawo gida da keken ɗinkinta bayan rasuwar mijinta, ita ke ba shi abinci da magani, ita ke wanki, ita da maƙwabcinsu ke ɗaga shi. Abu ɗaya ne ba ya hannunta. Kowace safiyar Juma'a Auta ke yi masa aski da gyaran fuska, kuma da aska, don Baba ya rantse kilifa ba za ta hau kansa ba sai dai in ba ya numfashi. An taɓa kawo masa wani yaro daga shagon gaba lokacin da Auta ya yi zazzaɓi. Baba ya kalli yadda yaron ya riƙe askar, ya juyar da fuska bango, ya zauna da gashinsa har Auta ya warke.

Fuskar Baba fuska biyu ce ga mai aski. Kuncin hagu ya saki, sai an ɗaga fatar da babban yatsa zuwa wajen kunne kafin aska ta samu hanya, kuma ba ya jin komai a nan, ko an yanke shi mai askin ne kaɗai zai sani. Kuncin dama kuwa yana nan da ransa da faɗansa. Ko gashi ɗaya aska ta ja, sai ya buɗe ido ya tambaya da harshensa mai nauyi ko noma ake yi a fuskarsa. A sauran kwanaki magana wahala take ba shi, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita har ya haƙura. Amma da ƙamshin sabulu ya tashi, ya ji ƙarar aska a kan tsohuwar fatar da ake wasa ta, sai harshen ya ɗan saki. Ya gyara wa Auta riƙo, ya zagi askin 'yan zamani, ya tuno kawunan manyan mutane da ya taɓa riƙewa kamar ƙwarya. A wannan ɗan lokacin ba majinyaci ba ne, maigida ne a shagonsa.

Ranar da Gajere ya ce mai shagon ya fara tambayar wani, Maman Ummi ta yi magana. Tana ninke kaya, ba ta ɗago ba.

"Yaya ke ciyar da shi, Yaya ke wanke shi. Baban Ummi, aski ne zai riƙe mu a nan?"

"Ba aski ba ne."

"To mene ne?"

Ta ce ita ba ta ce ya yar da mahaifinsa ba, Allah ya kiyaye, uba ne a gare ta ita ma. Amma duk ranar da ya fita shago, ba ta iya haɗiye ruwa sai ta ji ƙarar ƙofar zaure. Ta ce ta je gaisuwa gidan Mai Faci, ta ga matarsa, sa'arta ce.

Auta ya yi ƙoƙarin kai zancen ga Baba. Ya zauna a bakin gado ya fara da labarin Gajere, yana kewaye-kewaye kamar mai neman ƙofa a duhu. Baba ya lumshe ido, numfashinsa ya daidaita. Auta ya san barcin ubansa, ya kuma san wannan ba shi ba ne, amma ya ja masa mayafi ya fita. A zaure ya yanke wa kansa cewa zai gaya wa Gajere ya ba wani kujerar. Bai dai aika saƙon ba. Yana ɗaukar wayar yana ajiyewa har Juma'a ta zo.

Ya shigo ɗakin da kwanon ruwan ɗumi a hannu, sai ya tarar an riga shi. An jingina Baba da matasai, an ɗaura masa tawul, kumfa ta rufe masa kumatu. Yaya tana tsaye da askar a hannu, ta riƙe ta kamar almakashi.

"Zauna can," in ji Baba. "Yau 'yata ce."

Auta ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Ya ce wa Yaya fuskar Baba ba yadi ba ce, in ta ɓata ba a warwarewa. Yaya ba ta ko kalle shi ba.

"Hannunka yana rawa," in ji Baba, yana fitar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Tun ranar nan. Ina ji. Ban faɗa ba ne."

Auta ya ajiye kwanon ya zauna a kan kujerar da aka nuna masa. Ya dubi hannun nasa. Bai san ko gaskiya ba ne.

Yaya ta fara da hagu. Ba ta ɗaga fatar sosai ba, askar tana tsalle, tana barin tsibirai na furfura. Auta ya cije leɓe. Da ta koma dama sai ta miƙar da askar fiye da kima, ya ga abin kafin ya faru, ya ɗan taso. A ƙasan kunne kumfar ta yi ja, jan ya gangaro zuwa tawul. Hannun Baba mai lafiya ya damƙi zanin gado har jijiyoyinsa suka fito. Fuskar kuwa ko gezau. Mutumin da gashi ɗaya ke sa shi faɗa, ya lumshe ido kamar ana yi masa fifita.

Da ta gama ta danna wurin da auduga, ta miƙa masa ƙaramin madubi. Ya juya kai dama, ya juya hagu, ya daɗe yana kallo.

"Ka gani? Da na sani ita na koya wa tun farko." Ya huta, ya tattaro numfashi. "Ni na samu wanzami. Kai je ka nemi wasu kawunan."

"Baba."

"Ku ja mini ƙofa. Zan kwanta."

Bai kalle shi ba. Bango yake kallo har suka fita.

A tsakar gida Yaya ta durƙusa a bakin famfo tana wanke askar, tana ta wankewa bayan kumfar ta daɗe da tafiya. Auta ya tsaya a kanta. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar da ya shiga ya yi masa labarin Gajere. Yana fita shago Baba ya kira ta, ya sa ta ɗauko askar daga ƙarƙashin matashi. Kullum sai ta gwada, a ƙasan haɓa inda gemu zai rufe, don kada Auta ya gani. Ta ce in ya ɗaga gemun zai ga aikinta, kamar kaji sun yi tono. Ta roƙe shi ya bari a nemo wani mai askin, ya ce bai yarda baƙon hannu ya taɓa shi ba, kuma in ba a gida aka samu mai yi ba, yaron nan ba zai tafi ba.

"Cewa ya yi ya binne matarsa, ya binne abokansa," in ji ta. "Ya ce ba zai iya kwanciya a nan a zo a gaya masa an kawo ka ba, shi ko tashi ya raka ka ba zai iya ba."

Daga ɗakinsu ana jin Maman Ummi tana lallashin yarinyar ta sa takalmi. Wani babur ya wuce a waje, lallashin ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Hannuna yana rawa da gaske?"

Yaya ta share fuska da gefen mayafi. "Ni ina na sani? Ni tela ce."

Ya karɓi askar, ya duba bakinta a rana, ya shiga zaure ya ɗauko fatar ya rataye a ƙusa. Ya nuna mata yadda ake ja, bayan askar ke gaba, a kwance, ba a dannawa. Ya sa ta ta yi har ƙarar ta fara daidaita. Sannan ya janyo kujerar tsuguno ya zauna a gabanta, ya jiƙa fuskarsa, ya shafa sabulu har kumfa ta tashi. Ya kamo babban yatsanta na hagu ya ɗora a kan ƙashin kuncinsa.

"Ja fatar sama. Ƙara. Kwantar da askar, kamar za ki shafa mai."

"Auta, zan yanke ka."

"Yanke ni. Ni zan gaya miki in na ji."

Ya ɗaga haɓa, ya rufe ido. Ruwa ya gangaro ya yi hanya a cikin kumfar, Yaya ta goge shi da yatsa, ta ɗora askar.