Randar Tsiala

Shekarar da aka haifi Tsiala, babanta Ushangi ya matse inabin gonarsa ta bakin rafi, ya cika ɗaya daga cikin randunan da ke binne a ƙasan ɗakin giyarsa, ya ɗora faifan dutse, ya liƙe da yumɓu, ya rantse ba mai buɗewa sai ranar aurenta. Haka ake yi a yankinsu na Kaheti tun kaka da kakanni. Rabin inabin ma matarsa Lamara ce ta tsinke shi, da tsohon cikinta, tana tsinka tana mita wai ya bar mata layin da ya fi tsawo. Lamara ta rasu Tsiala ko firamare ba ta gama ba.

To, ita Tsiala ba ta yi gaggawar aure ba. Ta tafi babban birni Tibilisi karatu, ta zama likitar haƙori, ta haura talatin tana leƙen bakunan mutane. Shi kuwa Ushangi Allah ya haɗa shi da abokai biyu, Shalva da Tamaz, tsofaffin da ba su san wani abu wai shi haƙuri ba.

Shalva ne ya fara sa masa shakka, wata kaka bayan an gama girbi. Ya ce, "Ushangi, ka tabbata giyar yarinyar nan tana nan lafiya? Haka kawuna ya bar tasa, ranar biki aka buɗe aka tarar da ruwan tsami. Har ya mutu ana yi masa dariya."

Ushangi ya kwana biyu abin na cin sa. Sai aka buɗe, don dubawa kawai. Ludayi ɗaya ɗaya. Tamaz ya ce na farko ai kurkure baki ne, aka ƙara. Kuma kowa ya san randa ba ta zama da rama, iska na shiga giya ta lalace, don haka Shalva ya ruga gida ya kawo tasa aka cike. Da shekara ta zagayo Tamaz ya ce ba zai yarda giyar Shalva ta zauna a ciki ba mai tsawatar mata, shi ma ya kawo tasa. Shi ke nan, abu ya zama al'ada. Duk kaka sai su rufe ƙofa, su baje cuku da gurasa, su zauna suna yi wa randa hukunci kamar alƙalai.

"Bana ta yi laushi," in ji Shalva.

"Laushin me? Harshenka ne ya tsufa. Ni ƙanshin busasshen tuffa nake ji," in ji Tamaz.

"Kai da kake shan taba kamar bututun jirgi, ina ka ga hancin jin tuffa?"

Wata shekara Tamaz ya ɗaga ƙoƙo, ya juya giyar a baki, ya ce cikin mamaki na gaske, "Wallahi ban taɓa ganin irin giyar nan ba. Kowacce tana tsufa, ita ƙuruciya take ƙarawa."

Ana nan sai Tsiala ta bugo waya, ta samu miji, wani injiniya ɗan birnin Kutaisi. Ushangi ya yi murna har da hawaye, sannan hankalinsa ya tashi. Don ya san abin da randar nan take a wurin 'yarsa. Tun tana ƙarama takan zauna kan faifan dutsen in an ɓata mata rai. Kayan Lamara duk an rabar, gonar bakin rafi ma an tumɓuke tsofaffin kurangar an dasa sababbi. Abin da ya rage wanda hannun uwarta ya taɓa, a saninta, yana cikin randar nan.

Ta iso ana saura 'yan kwanaki biki. Da hantsi ta same shi yana gyaran tebura, ta ce, "Baba, ina so in ɗanɗana kafin jama'a su cika. Ni da kai kawai."

Ni da kai kawai, a gidan Ushangi! Kafin ya gama kankare yumɓun, ga Shalva da Tamaz a bakin ƙofa, wai wucewa suke yi. Ushangi ya watsa musu harara, irin wadda ke cewa duk wanda ya buɗe baki zai gane kurensa. Suka gyaɗa kai kamar mutanen kirki.

Ya ɗaga faifan, ƙanshi ya cika ɗakin. Ya zura ludayi mai dogon hannu, ya zuba wa kowa. Giyar ta yi duhu kamar jinin rumman. Tsiala ta kurɓa, ta lumshe ido.

"Kai, Baba," ta ce a hankali. "Ashe haka shekaru suke yi wa giya."

Ushangi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da an tsaya nan da an rabu lafiya. Amma giyar ta yi daɗi fiye da yadda tsoho mai girman kai zai iya jurewa. Shalva ya tsotsi leɓe, ya ce kamar da kansa yake magana, "Wannan ɗan ɗacin da ke zuwa daga baya, na gonata ta tudu ne. Ko a mafarki na san shi."

Tamaz ya zabura. "Naka? Taka da take kama harshe kamar ɗanyar kanya? Ba don tawa da na zuba bara waccan ba, da wa zai iya haɗiye ta?"

"Kai ka zuba bara waccan? Ni na zuba! Kai shekarar ƙanƙara ce taka, shekarar da muka sha kusan rabi!"

Tamaz ya shiga duba ƙasan ƙoƙonsa kamar ya yar da wani abu a ciki.

Tsiala ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta tsayar da ido kan babanta. "Tun yaushe, Baba?"

"Tun kina jami'a," in ji Ushangi. "Dubawa muke yi."

Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta dafa bango. "Kawu Shalva, Kawu Tamaz, sannunku da aiki! Kun sha wahalar dubawa." Tsofaffin suka fara murmushin jin kunya. Amma dariyar ta yanke mata a tsakiya, ta tsuguna bakin randar tana kallon ciki. Da ta sake magana, muryar ta yarinya ce ƙarama.

"Na Mama fa? Babu ko kaɗan?"

Ushangi ya tsani kansa da abokansa da duk ludayin da ya taɓa zurawa. Shalva ne ya matso, ya cire hula, duk tsiyar nan tasa ta gudu.

"'Yata, giya ba ta ƙarewa kakaf in cikewa ake yi. Gauraya take. Nata yana nan. Ba yawa, ba zan yi miki ƙarya ba, wataƙila cikin cokali a kowane ƙoƙo. Amma yana nan."

Tsiala ta share ido da bayan hannu. Ta ajiye ɗan ƙoƙonta, ta miƙe ta sauko da babban ƙahon shan giya da ke rataye a bango, wanda ake ba maza a wurin biki, ta miƙa wa babanta.

"To cika min wannan, Baba. Cokali ɗaya ya yi min kaɗan."

Ushangi ya riƙe ludayin da hannu biyu yana zubawa, hawaye na bin gemunsa, yana lallaɓawa kada ko ɗigo ya zube a ƙasa.